Kwana Biyu Ina Neman Gasaya

Alhamis: Katsina zuwa Batsari

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na jawo ƙofar gida, da 'yar jaka a kafaɗa da buhu fanko a hammata. Na yi salla a masallacin bakin layinmu. Liman ya ga buhun, ya tambaye ni ko hatsi zan saro. Na ce a'a, ganye zan nema. Ya dube ni da kyau, ya ga ba wasa nake ba, sai ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ga abin da ya fito da ni, ni tela da ba na son barin kekena ko na wuni ɗaya. Inna, mahaifiyarmu, shekara uku ke nan tana wurina a Katsina, tun da ɓarayin daji suka matsa wa unguwarmu ta yamma da Yasore, a ƙasar Batsari, muka ɗauko ta ba da son ranta ba. Farkon daminar nan zazzaɓi ya kwantar da ita. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da bakinta. Kwana tara ba ta ci abin kirki ba, sai koko, shi ma cokali biyu ta kau da kai. Maiɗakina Hajara ta yi tuwo, ta yi fate, har kaza ta yanka, duk a banza. Likita ya ce ba sauran ciwo a jikinta, amma in ba ta ci abinci ba, babu abin da allura za ta yi mata. Ranar Talata na durƙusa gabanta na ce, "Inna, don Allah me kike marmari?" Sai ta ce, "Kwaɗon gasaya, Auta. Irin ta gonarmu."

A raina na ce abin nema ya samu. Gasaya fa! Tsiron da muke tattakawa muna yara. Ga wanda bai san ta ba, ganyenta biyar-biyar ne kamar yatsun hannu, furenta fari mai dogon gashi, ga wani wari mai hawa hanci. Ba mai shuka ta. Da ruwan farko take fitowa da kanta a gona da bakin juji, kuma ko ruwa ya ɗauke ba ta cika damuwa ba. A dafa, a matse ɗacin, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, shi ke nan. Ranar Laraba na zaga kasuwa biyu a Katsina. Zogale ga shi, rama ga ta, alayyafo har da kabeji. Gasaya babu. Wata mai ganye, babbar mace da goyonta, cewa ta yi in sake faɗin sunan. Nan na fara jin wani iri.

Shida saura minti goma na isa tasha. Motar Batsari ta cika tun shida da rabi, amma direba ya sami benci ya zauna yana shan shayi. Na ce, "Direba, me muke jira?"

"Rana muke jira, Malam. Da can ne ake sammako a hanyar nan. Yanzu sai kowa ya ga fuskar kowa."

Kuɗin mota naira dubu biyu da ɗari biyar. Da ya faɗa sai da na waiwaya in ga ko da wani yake. Muka tashi bakwai da minti goma, mu shida ban da direba, biyu gaba huɗu baya, gwiwata a haɓata. Shinge biyar na ƙirga na jami'an tsaro. A kowanne a leƙo, a dube mu ɗaya bayan ɗaya, a buɗe bayan mota, a ce mu wuce. Ba wanda ya yi hira a motar nan sai wani dattijo da ke ta jan carbi.

Ni idona na kan gonaki. An ce kwana goma sha bakwai rabonsu da ruwa, kuma gani ya kori ji: gero duk ya murɗe ganye, gyaɗa ta kwanta. Wannan bai ba ni tsoro ba, mun saba da fari. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne gonakin da ke nesa da titi, fili fetal, ba a ko sa musu hauya ba. Takwas da minti talatin da biyar muka shiga Batsari.

Kasuwar Batsari

Na nufi gefen da na san tsofaffi na jerewa da ƙoren ganye. Ina yaro, sai ka gaji da gaisuwa kafin ka kai ƙarshen layin. Ran nan su uku na tarar. Na durƙusa gaban wadda ta fi tsufa, muka gaisa, na tambayi gida da jikoki da jiran ruwa, sannan na ce gasaya nake so, ko nawa ce.

Ta tafa hannu. "Gasaya? Ɗan nan, daga ina ka hito? Bana ban sa ta ga ido ba. Bara ma ba ta cika tahin hannu ba."

"To Baba, ko farin nan ne?"

"Wane fari? Gasaya ta san fari? Shekarar da gero ya ƙone ƙurmus ita muka ci muka rayu."

"To ɓarayin nan ne suka hana ku shiga daji."

"Gasaya ba ta daji ba ce, ta gida ce. Tahi ka tambayi mazanku."

Ban gane ba, kuma ba ta ƙara ba. Na tashi ina cewa a raina tsofaffi dai ba a raba su da zaurance. Na ci waina ta ɗari biyar da miyar taushe a bakin tasha, ina ci ina tuna wadda na baro ba ta ci ba, har wainar ta fita raina. Sha ɗaya daidai wana, Yaya Mamman, ya iso da babur, kamar yadda muka shirya ta waya. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Shekara biyar kawai ya ba ni, amma wanda ya gan mu sai ya ce uba da ɗa ne.

Yasore da gonarmu

Yaya Mamman a cikin Yasore yake zaune yanzu da iyalinsa, yakan je gona da safe ya dawo kafin la'asar. Ban bari mun shiga gida ba, na ce mu wuce gonar kai tsaye. Muka isa sha biyu da kwata.

Wallahi da na ga gonar sai da na yaba. Tas, ba ko ƙwayar haki tsakanin kunya da kunya. Na ce, "Kai Yaya, wannan noma haka? Ko Baba bai taɓa yin irinsa ba." Ya kau da kai. Na ɗauki buhuna na nufi gindin gawo, inda na san Inna na cika ƙwarya a tsaye ɗaya. Babu. Na je inda tsohon rumbu yake. Babu. Na zaga bayan kangon gidanmu, bakin jujin da gasaya ke kai wa yaro ƙugu. Ƙasa ce ja, sai busassun karare. Sai a lokacin na lura ba gasaya kaɗai ba ce: lalo babu, tafasa babu, ko rama ɗaya ban gani ba. Na tsaya da buhu a hannu ina ta inna lillahi.

"Yaya, me ya sami ƙasar nan?"

"Mu tahi gida, rana ta yi," in ji shi.

A gida matarsa Asabe ta kawo mana fura. Tsakanina da Asabe wasa ne tun ranar da aka kawo ta, ba ta raga mini ba na raga mata. Da ta ji abin da ya kawo ni, ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta fito da tankin feshi, irin wanda ake goyawa a baya, ta dire shi gabana. Ta koma ta ɗauko jarka fanko ta aza a kai.

"Tela, karanta mini wannan rubutun, ni ban yi boko ba."

Rubutun hannuna ne. Sunan Yaya ne na rubuta a jikin jarkar don kada ta ɓace a tasha. Shekarar da muka ɗauke Inna ne na sayi tankin nan da maganin kashe haki na aiko, kuma duk damina sai na ƙara aiko da jarka biyu. Har alfahari nake a shago, ina cewa na hutar da wana da duƙe.

Asabe ta ce, "Ka manta yadda ake noma a gidan nan? Namiji shina noma, in hauya ta zo kan gasaya ko lalo sai ya kewaye, ya bar ta tsaye. Rabon mata ke nan. Ba mu da gona, amma muna da abin da hauya ta bari, shi muke miya da shi, shi muke kaiwa kasuwa. Hauya tana da ido. Wanga abu naka makaho ne. Damina ukku ana kashe ta tun ba ta yi ɗiya ba, da me za ta dawo? Kuma ba gonarku kaɗai ba, duk unguwa aron tankin suke zuwa."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ture ƙwaryar furar gefe. Tun Katsina nake zagin fari da ɓarayi, ashe mai laifin na cikin rigata. Garin neman gira an rasa ido.

Yaya ya ajiye ludayi. "Kada ki ɗora mishi duka. Da hauya, kwana goma kana duƙe, ba ka ganin mai zuwa ta bayanka. Mutum nawa aka ɗauke a duƙe? Da wannan, wuni ɗaya ka gama ka gudo. Kai kuma Auta, ko yanzu ka ce in zaɓa, feshin zan ɗauka."

Gaskiya ya faɗa. Ita ma gaskiya ta faɗa. Ni kuwa abin da ke gabana shi ne tsohuwa tana kwance tana jiran kwaɗo. Na kira Hajara a waya, ta ce yau ko kokon ma Inna ta ƙi, sai tambaya take ko na isa gona.

Asabe ce ta kawo mafita. Ta ce wuri ɗaya ya rage da ba a feshi, wato sheƙa, inda shanu ke kwana, kuma nan ne ma gasaya ta fi so saboda taki. Goggo Dudu, Bafillatanar da ta yi shekaru tana kawo wa Inna nono suna musaya da hatsi, ta tashi da 'ya'yanta sun koma kusa da Babban Duhu, ƙasar Safana. In akwai gasaya a duniya, tana wurinta. Na kwana a zauren Yaya, bayan tuwon dawa da miyar kuka. Kukar ma, in ji Asabe, saye suke.

Juma'a: Babban Duhu

Bakwai saura minti ashirin muka hau babur. Yaya ya ce in cire hular zanna in sa a jaka, kada a ɗauke ni wani mai abin hannu. Na cire ba gardama. Hanyar burji ce, daga baya ta koma turba, muka ratsa rafi biyu duk yashi ne ba ɗigon ruwa. Muka wuce unguwa uku da ba kowa a ciki. A ɗaya na ga turmi a tsaye tsakar gida da taɓarya a jingine, kamar mai dakan ta shiga ɗaki ne ta fito. Ban san lokacin da na riƙe rigar Yaya ba. Ya ce, "Sake ni mana, ka shaƙe ni." Na ce ai ramin da muka faɗa ne.

Kusa da gari masu gadin unguwa suka tare mu, su huɗu a gindin tsamiya. Suka tambayi daga ina, zuwa ina, wurin wa. Yaya ya faɗi sunan mahaifinmu, babbansu ya ce ya san shi a kasuwar shanu, Allah ya jiƙansa. Da na ce gasaya na zo nema daga Katsina, sai suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Ka ji mutanen birni." Suka nuna mana hanyar rugar.

Tara saura kwata muka isa. Na san Goggo Dudu da garken da in ya taso sai ka ba shi hanya. Abin da na tarar, bukka uku da saniya biyu da maraƙi. Ta fito tana dogara sanda, ta kare ido da hannu ta ƙare mini kallo.

"Wannan ba autan Hauwa ba ne? Hauwa na da rai?"

Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kowa har da waɗanda suka rasu ba ta ji ba. Ban tambaye ta shanu ba, ita ma ba ta ɗauko zancen ba. Da na faɗa mata halin da Inna ke ciki, sai ta juya ta ce in biyo ta.

Bayan bukkokin akwai tsohuwar sheƙa, turakun ɗaure shanu na nan a kafe. Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ko'ina a kewaye ƙasa ta ƙone, amma cikin sheƙar nan gasaya ce kore shar, har gwiwa, wata har cinya, farin fure ya rufe ta, zuma na ta shawagi. Kwana goma sha takwas ba ruwa! Warin ya bugi hancina, sai ga hawaye, ni da gemuna. Na faɗa ciki na cafki wata babba zan tumɓuke.

Sandar Goggo ta sauka a bayan hannuna. "Kai! Haka uwarka ta koya maka? Kanta ake tsinkewa, ta sake toho. Mai fure da mai ɗiya kuma ba taka ba ce, ta baɗi ce."

Na ba da haƙuri, na koma tsinka da yatsa biyu kamar yadda ta nuna. Ni da Yaya muka yi awa guda a sunkuye. Na ciro leda zan zuba, ta karɓe ta jefar, ta ce kafin in kai Safana ta dahu. Ta ɗauko tsohon zanenta ta jiƙa, ta naɗe ganyen a ciki, sannan aka sa a buhu ba a ɗaure baki ba. Ta haɗa mini da ɗan man shanu a gwangwani.

"Ka ce ma Hauwa ina nan. Ka ce in ji ni ta ci, kada ta riga ni."

Safana zuwa gida

Sha biyu da minti ashirin muka shiga Safana. Na yayyafa wa zanen ruwa, na ba wani mai shayi ajiyar buhun a inuwa, muka yi sallar Juma'a. Muka ci shinkafa da wake a tsaye, don Yaya na son ya koma da sauran rana. Da za mu rabu ya ce, "In ta tambaya, me za ka ce mata?" Na ce ban sani ba. Ya buga babur ya tafi.

Uku saura minti ashirin na sami a-kori-kura zuwa Dutsin-Ma, ni da buhunan gawayi da akuya biyu. Daga nan na shiga ƙaramar mota ta Katsina, na ƙi yarda a sa buhuna a baya, na rungume shi a cinya. Wani mai farar shadda ya toshe hanci ya ce wa direba wani ya shigo da abu mai wari. Sai wata dattijuwa a gefena ta ce, "Bawan Allah, ba gasaya nake ji ba?" Na buɗe mata. Ta murza ganye ɗaya ta shinshina, ta ce ita mutuniyar yankin Safana ce, shekara huɗu rabonta da garinsu. Na ɗibar mata cikin hannu biyu, ta ƙulle a bakin mayafi tana ta sa mini albarka. Mai shadda bai ƙara magana ba. Shinge huɗu muka wuce. Biyar da minti arba'in na yi sallama a gida.

Hajara 'yar birni ce, ba ta taɓa dafa gasaya ba. Ta ɗora tukunya tana tambayata, ni ma ban sani ba. Da ruwa ya tafasa wari ya cika gida, sai muka ji murya daga ɗaki, muryar da kwana biyu da suka wuce sai ka kai kunne bakinta kake ji: "Hajara! Zubar da ruwan farko. Ki matse da kyau. Kada ki cika albasa." Muka dubi juna.

Na kai mata kwanon da kaina. Na tallafe ta ta jingina da bango. Ta wanke hannu, ta yi bismilla, ta kai loma ɗaya. Ta tauna a hankali ta haɗiye. Ta kai ta biyu, ta uku. Hajara na bakin ƙofa tana share ido da gefen zane. A ta huɗu Inna ta tsaya.

"Wannan ta sheƙa ce. Ta hi tamu ɗaci. Ba gonarmu ka tsinko ta ba."

Na ce wurin Goggo Dudu na samo, na isar da saƙonta. Ta yi ɗan murmushi, amma ba ta sake ni ba.

"Tawa fa? Ta gindin gawo?"

Ƙarya ta zo mini har baki. Da na ce fari ne, ko in ce hanya ba ta biyuwa. Amma matar da ta gane sheƙa a loma huɗu ba ni zan ruɗe ta ba. Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai, tankin da jarkar da rubutun hannuna, da abin da Asabe ta ce, da abin da Yaya ya ce. Na ce, "Inna, babu ko ɗaya. Ni na kashe miki ita. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallon kwanon. Ina jiran ta ture shi.

"Shekara arba'in ubanka na noman gonar nan," in ji ta. "Mun yi faɗa a kan komai, amma bai taɓa sare mini ko ɗaya ba." Ta ɗago ta dube ni. "Mamman dai yana dawowa gida lafiya?"

"Yana dawowa, Inna."

"To. Matso mini da kwanon, ya yi mini nisa."

Ta cinye tas, ta ce a ajiye mata sauran na safe. Alhamdu lillahi da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Yaya Mamman da ya sa kansa a hanyar da ba dole, da Asabe da ta faɗa mini abin da ba na son ji, da Goggo Dudu, wadda har yanzu shatin sandarta na bayan hannuna. Allah ya saka musu da alheri, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, har wana ya sami damar duƙawa da hauya ba tare da waige ba.